Ranar da akuyata ta haifi yaya biyu

Shekarun baya, lokacin da kaina ke hayaƙi don na rubuta littafin yara na farko, na tafka wani ganganci da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Muna da ƴar ƙungiya a nan Damagaram, marubuta da masu zane, ba mu kai goma sha biyar ba. A zauren wani tsohon mushe, wato malamin makaranta, muke haɗuwa, cikin Birni, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da ƴan aji ɗaya a lakwal, makarantar boko. Dokarmu guda ce: ba a buga littafin kowa sai an karanta shi da baki a gaban jama'a sau biyu, kafin a aika, da kuma in mai bugawa ya turo gwaji. Mushe ke karantawa, a hankali, yatsa bisa layi. A karatun farko na nawa ya yi ta tsayawa, wannan kalma ta yi wa yaro nauyi, waccan jimla ta yi tsawo. Ni kuwa Allah ya zuba mini saurin fushi. Na ce masa a gaban kowa shi bai taɓa rubuta ko shafi ɗaya ba, sai tsinta a na mutane. Na kwashi takarduna na fice.

Da mai bugawa ya turo gwaji daga Kano ta waya, ban kai wa kowa ba. Na kalli zanen da ƙawata ta yi, wata Kirista ma'aikaciyar likita mai hannu kamar me, na ga launi ya fito ras, na ce a buga. Rubutun ko kallon kirki ban yi masa ba. Ai ni na rubuta, me zan gani?

Littafin na yara ne masu fara karatu da Hausa a Mirriya da Dogo da Droum. Malamansu sun zo gari horo, ranar Asabar za su koma. Madam mai duba makarantu ta ce za ta zo bayan la'asar ta duba, in ya yi ta raba musu kafin motoci su tashi. Kowa ya san ta, ba ta miƙa wa yaro takarda mai kuskure ko ɗaya. In aka rasa wannan rana, sai baɗi.

Da safiyar Asabar ɗin kwalaye suka iso, kwafi ɗari uku. Na buɗe ɗaya a tsakar gida ina ta washe baki. Shafi na uku ya ce: "Akuya ta haifi yaya biyu." Ƴaƴa na rubuta. Na juya: "Baki sun zo gidanmu." Baƙi fa. Na sake juyawa, uwa tana ce wa ɗiyarta kada ta yi karya. Duk wata ƙugiya ta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ na'urarsu ta haɗiye ta, tun daga bango har ƙarshe. Na duba wayata da sauri don in sami wanda zan ɗora wa laifi, sai na ga haka yake a gwajin da na amince da shi. Na zauna a ƙasa.

Ƙawata na kira ina kuka. Ta saurara, ta ce in sa kwalayen a mota in same ta zauren mushe. Na ce ko'ina ban da can. Ta ce to in zauna da akuyata da yayyenta, ta kashe waya.

Na je. Kafin hantsi ya ɗaga mutum tara sun taru, har da wanda ya rufe shagonsa. Mushe ya ɗauki kwafi ɗaya, ya sa tabarau, ya karanta shi da baki daga farko har ƙarshe yadda aka buga shi, da yaya da baki da karya, bai tsallake ko ɗaya ba. Ba wanda ya yi dariya. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Da ya gama ya ce wurare sittin da huɗu ne a kowane littafi. Sai ya dubi masu zane.

"Ƙugiya ai zane ce. Za ku iya?"

Ƙawata ta riga ta fito da alƙalumanta masu siririn baki. Ta gwada baƙin tawada iri uku a bayan wani kwafi har ta sami wadda ba ta nasowa. Mushe ya raba aiki: kowa harafi ɗaya da shafukansa, littafi ya bi hannu hannu. Shi ya ɗauki ɗ na shafukan farko, ko da yake hannunsa na ɗan rawa.

Ni ma na karɓi alƙalami don in nuna ina da amfani. Na ɓata uku a jere, ƙ ɗina ta fito kamar an taka ƙadangare. Ƙawata ta fizge alƙalamin. Mushe, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Ɗiyata, zauna can ƙarshe. Duk wanda ya fito, karanta shi da baki." Haka na wuni ina karanta littafina, yatsa bisa layi, ina mayar da duk wanda aka tsallake wa ƙugiya. 

Zafi ya taso, gumi na ɗiga, sai da kowa ya shimfiɗa tsumma ƙarƙashin hannu. Salla kawai ke tayar da mutane, ƙawata kuwa ko motsi ba ta yi ba. Da aka kira la'asar saura arba'in da wani abu. Ina jin tsayuwar mota a ƙofa na ji kamar in shige cikin kwali.

Madam ta shigo, malamai na tsaye a waje da jakunkunansu. Ba ta ɗauki na sama ba, ta cusa hannu can ƙasan kwali ta zaro. Ta karanta. Ta zaro wani daga kwali na biyu, ta kai shi kusa da ido, ta lashi yatsa ta goga a kan wata ɓ. Tawadar ba ta goge ba. Ta tambaya me ya sa ƙugiyoyin ba su yi kama da juna ba. Na ga mushe zai buɗe baki ya rufa mini asiri, sai na riga shi. Na faɗa mata komai, har da gwajin da na ɓoye. Sai ta ce:

"Waɗanda aka gama, zan raba. Sauran ko ɗaya ba zai fita zauren nan ba."

Malaman Droum ne suka tafi da rabin rabonsu. Muka ƙarasa washegari, wani cikinmu ya kai musu a kan babur. Ni dai ban sake tsallake karatun baki ba, kuma yanzu ni ke riƙe da shi, masu tasowa na jin haushina yadda ya kamata.

Abin da ke ci mini rai shi ne ban taɓa buɗe baki na ba mushe haƙuri ba. Kullum sai in ce sai wani zuwan, shi kuma bai taɓa tayar da maganar ba, har Allah ya karɓi abinsa. Bara wata malama daga Dogo ta kawo mini kwafi ɗaya da ya tsufa, bango ya yage, yara sun cinye gefensa da yatsu. Ta ce aji nawa suka koyi karatu da shi. Na buɗe shafin farko, na ga ɗ ɗin nan mai ƴar rawa a wuya, na san hannun wa ne. A gabanta na fashe da kuka, ta rasa me ta yi mini.