Safiyar da Shanun Baffa Suka Dawo da Kansu

Akwai wata safiya ta ƙarshen kaka da nake jin ko tsufa ya kwashe mini tunani, ita dai zai bar mini. Shekara bakwai ke nan, amma duk sanda na tuna sai kunya da godiya su taso mini tare.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ɗambatta da Kunci, inda gona take manne da gona, da ƙyar ka ga saura. Tun ina yaro, da an gama girbi wani dattijon Bafulatani yake kawo shanunsa gonar mahaifina, ya sauka a gindin wani babban gawo da ke tsakiyarta. Baffa muke ce masa. Shanu su ci kara da ragowar harawa, su bar mana taki, matarsa kuma ta riƙa aiko wa Inna nono. Ban taɓa jin shi da Baba sun yi ciniki a kan haka ba.

Da Baba ya rasu, gonar ta dawo hannuna. Na ɗan zauna a Kano, ina ganin idona ya buɗe. Na ce kara yanzu abin sayarwa ne, ga takin zamani a kasuwa, me zan yi da kashin shanu? Da Baffa ya zo bayan girbi, na ce masa bana ya nemi wani wurin. Ya kalli sandarsa, sannan ya ce, "To, Allah ya jiƙan Malam." Ya juya. Inna ta yi kwanaki gaisuwa kawai take amsa mini.

Shekarar farko ban ga bambanci ba. A ta biyu ƙasar ta fara fari, ruwa ba ya zama a cikinta. A ta uku wuta-wuta ta mamaye dawar, abin da na samu bai kai rabin rumbu ba, ga iyali. Na san abin da ya jawo, girman kai ne ya hana ni faɗa.

Da kakar shekarar, ran nan da sassafe na ji ana kururuwa wai shanu sun shigo gonaki, alhali wasu maƙwabta ba su gama kwashe dammunansu ba. Kafin in isa matasa sun taru da sanduna, wani har da gatari. Lokacin kuwa kullum sai an ji labarin rikicin manoma da makiyaya a rediyo, ran kowa a kusa yake.

Shanu wajen ashirin muka tarar a gonata, babu kowa tare da su. Sawunsu ya nuna burtali suka biyo, ba su taɓa damin kowa ba. Wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho tana tsaye a gindin gawon tana sunsunar ƙasa. Nan take na gane ta, don na sha miƙa mata kara da hannuna.

Sai ga Baffa ya taho yana haki. Ya rame ƙwarai, shanun ma ana iya ƙirga haƙarƙarinsu. Wani matashi ya ɗaga sanda ya yi kansa, ni kuwa ban hana shi ba. Ashe Inna ta biyo bayana. Ta ratsa mutane ta tsaya a gaban dattijon.

"Wanda zai dake shi ya fara da ni," in ji ta. "Rabinku da nonon shanun nan aka yaye ku."

Sanduna suka sauka. Baffa ya dube ni ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. A mararrabar can muka sauka jiya. Shekara uku ke nan, duk sanda muka zo wucewa sai na doke su kafin su bi hanya. Yau ina sallah suka riga ni. Bari in kora su."

Na tambaye shi ina sauran garken. Ya ce yawo da yunwa sun ci bakwai. Na nuna masa gonar. Na ce, "Baffa, dubi yadda ta koma."

Ya durƙusa ya ɗebi ƙasar, ya murza, ta zube ta tsakanin yatsunsa. "Ita ma yunwa take ji," ya ce.

A gaban kowa na roƙe shi gafara, na ce ya bar su inda suke. Ya yi wata biyu a nan. Kafin ya tashi, mahaifin yaron da ya ɗaga masa sanda ya zo yana neman shi ma shanun su kwana masa a gona. Daga shekarar muke zama da mai unguwa a tsayar da ranar gama kwashe amfani, sannan shanu su shigo. Ƙasata ba ta farfaɗo dare ɗaya ba, sai a damina ta uku na sake ganin zangarniyar da na sani ina yaro.

Abin da na koya shi ne, na daɗe ina zaton alfarma muke yi wa Baffa, ashe rayuwarmu da tasa a ɗaure suke, yadda ta shanu da ta ƙasa suke. Yanzu kafin in raba gari da wani, nakan tsaya in tambayi kaina me Allah yake ciyar da ni ta hannunsa wanda ban lura ba.