Ranar da Kawu Ya Raba Mana Gardamar Kiɗan Jita

Akwai wata rana a tsakiyar damina da na san ko tsufa ya fara cin tunanina ba za ta fita daga kaina ba. Ranar ce wani dattijo wanda bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya kunyata ni a kan waƙoƙin Turanci, kuma na koma gida ina dariya.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Safana, ban daɗe da gama kwalejin ilimi ba. A can kwalejin na kwaso son kiɗan da Turawa ke kira rok, wato kiɗan jita da ganguna. Ba ma na manyan mawaƙan da duniya ta sani ba, a'a, na ƙananan ƙungiyoyi, samari uku ko huɗu da za su haɗu su yi waƙarsu ba tare da wani babban kamfani ya tsaya musu ba. Idan na ji ƙungiya ba wanda ya san ta, sai na fi ji da ita. Yanzu da na ɗan manyanta na gane rabin son nan iyayi ne kawai. Daɗi nake ji a ce na san abin da ba a sani ba.

A duk yankinmu mutum ɗaya na sani mai irin wannan ra'ayi, shi ne abokina da muka yi sakandare tare, mai shagon cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kasuwar Batsari. Duk ranar kasuwa in na tashi daga makaranta sai in hau babur in nufi wurinsa. Ina kan benci ina cin dafaffen rogo da garin ƙuli, shi kuma yana tura wa mutane wa'azi da waƙoƙin Hausa. Sai kasuwa ta lafa sannan ya sa mana namu. Muna kuma da wani zaure a waya, mu da wasu samari na garuruwa daban-daban, inda kowa ke faɗin ra'ayinsa duk lokacin da wata ƙungiya ta fitar da sabon kundin waƙoƙi.

To a shekarar nan sai kundi biyu suka fito kusan lokaci ɗaya. Wanda ya kama ni mai zafi ne, jita na kururuwa, ganga kamar ana sukuwa. Wanda ya kama abokina kuwa mai sanyi ne, mutum ɗaya mai dusasshiyar murya yana waƙa a hankali. Abokina ya shiga zauren ya yabi nasa, ya ce bai ji kamarsa ba a shekarar. Ni kuwa sai na zauna na rubuta dogon sharhi, na yi wa kundin kaca-kaca, na rufe da cewa, "Wannan na masu neman barci ne. Duk wanda ya ce ya fi nawa, a taimaka a kai shi a wanke masa kunne."

Samari suka yi ta dariya, ni kuma kaina ya kumbura. Washegari na ga abokina ya fita daga zauren. Na kira shi sau ɗaya bai ɗauka ba, sai ni ma na yi zuciya. Kasuwa uku ta ci ban leƙa Batsari ba. Abin da ya ƙara lalata al'amarin shi ne saura wata ɗaya bikinsa, kuma ni ne babban aboki.

Mahaifiyarsa ce ta kira ni wata ranar Juma'a. Bayan mun gaisa ta ce, "Kai ne babban abokin har yanzu, ko an sake wani ban sani ba?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "To gobe ka zo ka ɗauke shi ku kai wa yayana goron biki. Babur ɗinsa yana wurin gyara."

Ban san ko ta san abin da ke tsakaninmu ba, amma har yau ina zarginta.

Yayan nata, wato kawun abokina, yana wani ƙauye ne ta wajen Ruma. Da sassafe muka kama hanya, domin wannan hanyar ba a bari yamma ta yi wa mutum a kanta. Yana bayana rungume da ƙullin goro, ni ina tuƙi, ba wanda ya ce da wani komai ban da "yi hagu" da "bi a hankali, akwai rami". Gero ya yi tsawo hagu da dama, hadari kuma na ta haɗuwa a gabas. Muna jingine babur a ƙofar gidan ruwa ya goce.

Kawu dogon tsoho ne siriri mai yawan fara'a. Da ƙuruciyarsa makaɗin garaya ne, yana yi wa mafarauta kiɗa, yana kuma zuwa gayya ya zuga manoma. Tun da daji ya daina shiguwa ya rataye garayar. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, da damina, da hanya. Ya karɓi goro ya sa albarka. Matarsa, wadda muke kira Gwaggo, ta kawo mana fura a zaure. Muna sha yana kallonmu, can sai ya ce, "Ku biyun ga, mi ya haɗa ku? Mace ce ko gona?"

Abokina ya sunkuyar da kai ya ce, "Waƙa ce, Kawu."

"Ku kuka yi ta?"

"A'a."

"Masu ita sun san da ku?"

"A'a, Turawa ne."

Tsohon nan ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "To ruwan ga ba yanzu zai ɗauke ba. Ku sa mani in ji abin da ya raba zumunci."

Na ɗan fita na matsar da babur daga ruwa, da na dawo ni na fara. Na ciro wayata na ƙure murya, na sa kundina ina wani gyara zama. Kawu ya rufe ido. Ba a yi minti ɗaya ba Gwaggo ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Injin niƙa aka kawo mana garin?" Abokina ya danne dariya, ni kuma na yi kamar ban ji ba.

Waƙa uku Kawu ya saurara bai motsa ba. Sannan ya buɗe ido ya ce, "Mai tsirkiyar ga yana da hannu, wallahi yana da hannu. Amma yaro ne, tsoron shiru yake yi, ko'ina ya ga fili sai ya cika shi. Mai gangar shi ne babba a cikinsu. Shi ke riƙe da su, ba don shi ba da tuni kowa ya kama gabansa."

Na yi sati uku ina jin kundin nan safe da rana, amma ban taɓa lura da mai gangar ba. Na dai gyaɗa kai kamar dama na sani.

Sai abokina ya sa nasa. Waƙar farko ta wuce, ta biyu ta shiga, sai na ga babban yatsan ƙafar Kawu yana motsi a kan tabarma. Kafin ta ƙare ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da wani abu naɗe a cikin tsohon buhu. Garayar ce. Ya kakkaɓe ta, ya ja tsirkiya ya saki, ya kara kunne, ya sake ja. Da waƙa ta uku ta kankama sai kawai ya shiga cikinta. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Baturen can yana waƙarsa a wata ƙasa da ban san ko ina take ba, tsoho yana ba shi amsa da garaya a zaure ta wajen Ruma, ruwa na zuba a waje, kuma ba ka ce ba tare suka yi gwaji ba. Inda Baturen ya yi shiru, nan garaya ke magana. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta manta da tukunyarta.

Waƙa ta huɗu ce ta kashe ni. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Kai! Wannan ma a cikin kundin take?"

Abokina ya tsayar da waƙar, ya juyo ya dube ni. Karo na farko ke nan da ya dube ni a ranar. Ya ce, "Ba ka taɓa jin ta ba?"

Na fara kame-kame. Kawu ya ajiye garaya a cinya ya ce, "Ɗana, faɗi gaskiya. Sau nawa ka saurari abin ga kafin ka zage shi?"

Babu wurin ɓuya. Na ce waƙa biyu na ji, ita ma ta biyun ban kai ƙarshenta ba. Sauran sharhin kuwa a wurin wani Bature na karanta, na juya shi da Hausa na ƙara masa gishiri.

Kawu ya riƙe haɓa. Ya ce, "An ce mani kai malamin makaranta ne. Haka kake yi wa 'ya'yan mutane? Yaro ya kawo maka takarda ka karanta layi biyu ka ba shi sifili?"

Na ce, "A'a, Kawu."

"To kuma kiɗa ka zaga ko abokinka? Don ni ban ji inda kunnensa ya shiga cikin maganar ba."

Ashe abokina ya riga ya faɗa masa abin da na rubuta, lokacin da na fita gyara wa babur wuri. Kunya ta rufe ni. Na juya na ce da abokina ya yafe mini, na yi wauta. Yana kallon ƙasa, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi. Ya ce, "Ni ma fa naka waƙa ɗaya na ji. Ina sa ta, sai wani dattijo da ya kawo caji ya ce in kashe ko ya sauya shago. Ban sake komawa kansa ba."

Muka fashe gaba ɗaya, har Kawu yana share hawaye. Duk da haka ban haƙura ba, na ce, "To Kawu, tsakani da Allah, wanne ya fi?"

Ya ce, "Naka in za a fita gayya da safe shi zan sa, samari su ji jini ya motsa. Nashi kuwa sai an dawo, an gaji, an zauna. Ni da na yi kiɗa na san kowane da lokacinsa." Ya waiwayi matarsa ya ce, "Ke mi kika gani?"

Gwaggo ta ce, "Duka biyun ba su kai shantu ba," ta juya ta koma madafa.

Ruwa ya ɗauke bayan azahar. Kafin mu tafi Kawu ya sa abokina ya yi alkawarin zai tura masa waƙa ta huɗun nan a ɗan rediyonsa. Hanya ta caɓe, rabi muna hawa rabi muna tura babur, laka har gwiwa, amma bakinmu bai huta ba har Batsari. Gardama muka yi ta yi, sai dai wannan karon a kan mai ganga. Da na isa Safana na shiga zauren waya na rubuta cewa sharhina na baya ba ra'ayina ba ne, arowa na yi, kuma ban saurari abin da na kushe ba. An yi mini tsiya ta kwana biyu, na shanye. Ranar biki kuwa ina nan gefen ango da babbar rigata.

Har yau ba mu daina saɓani a kan waƙa ba, ni da shi, kuma har yau ina ganin nawa kundin ya ɗan fi. Amma tun daga ranar ban sake buɗe baki na yanke wa wani abu hukunci ba sai na ji shi har ƙarshe da kunnena, ko waƙa ce, ko bayanin ɗalibi, ko ƙorafin matata. Na kuma koyi cewa ina iya ƙin abin da mutum yake so ba tare da na raina shi ba, domin kundi kowace shekara sabo na fitowa, aboki irin wannan kuwa guda ɗaya gare ni.