Shafi Tara da Malam Iro Ya Ɗauki Laifinsu

Da hantsin Talata ina cikin ɗakin na'ura, masinjan ofishinmu ya leƙo ya tsaya bakin ƙofa ko sallama bai yi ba. Nan take na san ba lafiya. Ya ce Malam Iro ya rasu bayan asuba, za a yi jana'iza a Ƙofar Jatau kafin azahar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna dirshan a ƙasa, na rasa ma inda na ajiye takalmina.

Shekara shida muka yi tare a wani ƙaramin ofishi a unguwar Kongo. Aikinmu shi ne mu aro tsofaffin littattafan hannu daga gidajen malaman cikin birni, mu ɗauki hoton kowane shafi, mu adana a babbar kwamfuta, mu mayar wa masu abu abinsu. Malam Iro ke kula da kwamfutar. Ɗan mai gyaran agogo ne, ya kuma gaji hannun mahaifinsa. Faifai huɗu ne a cikin akwatin ajiyar, suna aiki a haɗe, kuma kowanne ya raɗa masa sunan ƙofar birni: Jatau, Galadima, Doka, Gayan. Kullum da safe sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin akwatin, ya kara kunne a ƙotar, ya saurare su ɗaya bayan ɗaya. Mukan yi masa tsiya, mu ce boka ya zo duba marasa lafiya. Shi kuwa ba ya ko ɗago kai.

Hotuna akwai cin wuri, sai faya-fayan suka cika maƙil. Da sababbi biyu suka iso, Malam ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce da zarar an fara, na'urar za ta kwashe duk abin da ke kan huɗun ta sake shimfiɗa shi a kan shida, kuma ba a tsayar da ita a tsakiya, ba a komawa baya. Saboda haka dole a kwafe komai a kaset tukuna. "A kwashe kafin a taɓa," maganarsa ke nan kullum. Kwafewar kuwa aikina ne.

Ranar Laraba na saka kaset, ya cije a rabi. Ana ɗaurin auren abokina da la'asar, sai na ce gobe da sassafe zan sake, na kama hanya. Washegari na iso na tarar da shugaban ofis tsaye da baƙinsa biyu sun zo kallo. A gabansu Malam ya dube ni.

"Sabo, an kwashe?"

"An kwashe, Malam."

Kunya ce ta sa na faɗa, kuma wallahi tun kafin in rufe baki na tsani kaina. Ya yi bismillah ya danna.

Baƙi suka watse. Aiki bai kai rabi ba sai Malam ya kara kunne, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce Galadima na tari. Ni ma na ji, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ɓera a bayan buhu. Ya ce ba komai, ko ya mutu ai muna da kaset. A nan na faɗa masa gaskiya. Aikin shekara huɗu ne a ciki, har da littafin fiƙihu na kakan Alhaji Mudi na Ƙofar Galadima, wanda bayan mun mayar da shi ruwan damina ya rusa zauren ya jiƙe shi ya zama dusa. Duk duniya ba shi da sauran kwafi sai a cikin akwatin nan.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya kwance murfin akwatin, ya miƙo mini mafici, ya ce in yi wa Galadima fifita kada ya yi zafi. Haka muka wuni, lambar ci gaban aikin tana hawa a allo kamar ba ta so. Sallar azahar ma bi da bi muka yi. Sau biyu lambar ta tsaya cik, ƙarar ta ƙaru. Sau biyu kuma ta motsa. Bayan la'asar aka gama. Muka shiga duba littattafai ɗaya bayan ɗaya, komai yana nan, sai shafi tara na littafin Alhaji Mudi da suka ƙi buɗuwa har yau.

Ranar Asabar ya ce in raka shi Ƙofar Galadima. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban dattijon, ya ce, "Alhaji, amanarku ta taɓu a hannuna. Ni na danna, ku yafe mini." Alhaji Mudi ya yi faɗa sosai, har ya yi hawaye. Ina durƙushe a bayan Malam, na bar shi ya ɗauki laifina. A hanya na tambaye shi dalili, ya ce shi yana da furfurar da za ta ɗauki faɗan, ni kuwa korata za a yi. Ya ƙara da cewa, "Amma daga yau, na'ura ba a yi mata kunya." Bai sake tayar da zancen ba, ko da wasa.

Jiya a wurin zaman makoki, babban ɗan Alhaji Mudi ya yi addu'a, ya ce su ma sun yafe masa shafukan da ya ɓatar musu. Jama'a suka amsa da amin, ni ma na amsa, na koma gida na kasa cin abinci. To, iyalan Alhaji Mudi, da Hajiya Binta uwar 'ya'yan Malam Iro, ku ji daga bakina: Malam Iro bai ɓatar da ko harafi ɗaya ba. Ni ne, Sabo. Ni za ku yafe wa in kun ga dama.

Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haskaka shi. Allah Ya ba Hajiya da yara biyar da ya bari haƙuri, Ya tsaya musu. Ya Allah, bawanKa ya rufa mini asiri ranar da ban cancanta ba. Ka rufa masa nasa ranar da za a buɗe na kowa. Amin.