Farantin da taubashina ya zuba mini

Ni fa a shekarun nan, duk Kura babu wanda ya kai ni haɗa fitila. Ƙwan LED guda, batirin mota, waya, shi ke nan. In na kunna, zakarun Bunkure sai su fara cara. To amma ƙwan nan zafi yake yi kamar gidan burodi. In ba ka ɗora shi a kan farantin alminiyam mai kauri ba, mai haƙora a baya kamar mataji, ka shafa wani farin mai da ke janye zafi tsakaninsu, ka sa masa ƴar fanka, minti kaɗan ya soye.

Da dillalan tumatir suka ce suna neman mai sa musu fitila a rumfunan lodi, na san aikina ne. Sai na tafi wajen taubashina, ɗan kawuna, mai zubin tukwane. Na zana masa farantin a ƙasa, na gaya masa kauri, na gaya masa sirrin man. Komai.

Ya ce, "Kai bawana, kawo in taimaki talaka."

Na ce, "Zuba dai, mai kunnen tukunya."

Da ya kawo farantin, ban ko duba ba na ɗora ƙwan. Ranar gwaji, bayan magariba, dillalai sun cika rumfa. Na cika baki, na ce ko allura ta faɗi cikin kwando za a gan ta. Na kunna. Haske ya tashi, aka yi kabbara. Ba a gama kabbarar ba ƙauri ya biyo. Ƙwan ya yi shuɗi, ya yi hayaƙi, ya mutu. Wani dattijo ya ce, "Malam, fitila ka kawo ko gasa masara?"

A gida na kara mayen ƙarfe a jikin farantin. Caf, ya manne. Baƙin ƙarfe ne, siriri, an yi masa fenti.

Sati bai cika ba aka ba taubashina aikin. Na je na ɗora hannu a bayan fitilarsa. Sanyi ƙalau. Na ƙirga haƙoran, daidai da na zanena.

Na kai ƙara wajen kawu. Dariya ya yi har da riƙe ciki. "Haba ɗana, wasan taubasai ne. Kai da ka taɓa sa masa kwaɗo a aljihu?" Kowa haka ya ce. Wai ba a fushi da taubashi.

To, ban yi fushi ba. Da muka haɗu a bakin kanal ɗin noman rani, ya taho yana washe baki, yana jiran in zage shi kamar kullum. Na sauka daga babur, na ba shi hannu biyu.

"Barka da yamma, Alhaji. Ya iyali?"

Ya tsaya yana kallona. Shekara uku ke nan, haka nake gaishe shi.