Katin Da Na Ara Wa Yaya

Ranar da na je karɓar takarduna na asibiti, ma'aikacin ɗakin fayil ya yi mini ta'aziyyar kaina.

Dattijo ne, tabaransa ɗaure da zare. Na miƙa masa katina ta taga. An riga an cire mini nonon hagu saboda ciwon daji, an yi mini ƙarin ruwan nan mai kaɗe suma har sau shida. Saura a gasa wurin da na'ura, ita kuma na'urar tana wani gari, can ɗin sun ce ba mai taɓa ni sai sun ga duk abin da aka yi mini a rubuce. Shi ya sa na yi sammako daga Daura.

Ya shiga ciki ya daɗe. Da ya fito hannunsa ba komai, ya tausasa murya.

"Allah ya jiƙanta, Hajiya. Ke wace ce tata?"

"Wa?"

"Mai katin. Ai ta rasu tun da damina."

Na ce, "Baba, dube ni da kyau. Na yi maka kama da wadda aka binne?" Ni bakina ba ya jira, shekara da shekaru ina koyarwa a firamare a Sandamu. Amma kafin in rufe baki na tuna wadda ta rasu da damina.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a ƙetaren iyaka, gaba da Kongolam. A gidanmu katin asibiti kamar tsani yake, na mutum ɗaya ne amma kowa na hawa. Wa zai ɓata yini a layin buɗe sabon kati alhali akwai na 'yar'uwarsa a jaka? Ranar da ta rako ni a duba ɗinkina, da safe aka yi mini hoton ciki. Muna zaune a gindin dalbejiya ta ce cikinta yana ɗan kumbura kwana biyu, in ara mata katin ita ma a duba ta. Na ba ta ko tunani ban yi ba. Muna kama sosai, a cikin hijabi kuwa sai wanda ya haife mu.

Bayan wata biyu aka kwantar da ita a wannan asibitin, da katin nan dai. Ina zaune gefen gadonta ma'aikaciyar jinya za ta shigo ta kira sunana, Yaya ta ce, "Na'am." Har dariya muke yi. Wallahi dariya muke yi.

Dattijon ya ce fayil ɗin mamaci ba a ba kowa sai magaji, da takarda. Na ce to ni ce mamaciyar, ni ce magajiyar, wanne layi zan bi? Bai yi dariya ba. Sai da na koma Daura na karɓo wasiƙar mai unguwarmu cewa ina raye, mutumin da da kansa ya bi sallar gawar Yaya. Yana sa hannu yana satar kallona. Na dawo, babbar ma'aikaciyar jinya ta shigar da ni bayan labule ta ga tabon ƙirjina, sannan aka yarda.

Fayilolin matattu ba sa kan kanta tare da na masu rai. Suna wani ɗan ɗaki a baya, a ƙasa, ɗaure da igiya damman-damman, wurin shiru sai warin tsohuwar takarda. Dattijon ya durƙusa ya zaro nawa. An ja jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa a kan sunana.

Ya ba ni benci na zauna, tunda ina karanta Turanci. Shafukan farko nawa ne, na san su. Daga tsakiya sai na ga kaina ina ramewa mako bayan mako. Na ga idona ya yi ruwan ɗorawa. Na ga na daina cin abinci. A shafin ƙarshe an rubuta na cika bayan la'asar, an miƙa gawata ga dangi. Na tuna la'asar ɗin, ina riƙe da ƙafarta.

Duk wannan na san na Yaya ne. Takarda ɗaya ce ta tsayar mini da numfashi: sakamakon hoton ciki, mai kwanan watan ranar da muka zauna a gindin dalbejiya. Mu biyu aka yi wa hoto ranar, da suna ɗaya, lamba ɗaya, amma takarda ɗaya ce kawai a fayil. Ta ce ciwon ya bazu cikin hanta.

In tawa ce, babu sauran zancen gasa wurin da na'ura. Likita ya taɓa gaya mini haka ƙarara. Sai dai in koma gida in jira.

Kwana huɗu ya rage ranar ganin likita. Kwana huɗun nan ban gaya wa kowa ba, har maigida. Ina tankaɗe sai in tsinci hannuna yana latsa ƙasan haƙarƙarina na dama. In na ɗebi ruwan alwala sai in leƙa buta kamar zan ga launin idona a ciki. Tsoro na ji, tsoro tsagwaronsa, kuma na yi fushi da Yaya tana kabarinta, Allah ya yafe mini.

Likitan yaro ne a kaina, Mama yake ce mini. Na zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya ce, "Haba Mama, ke da kika yi boko?" Na ce faɗan ya bari sai an jima, ya gaya mini takardar wace ce. Ya bi ta da yatsa layi-layi har ƙasa, inda ni tsoro bai bar ni na kai ba. Ya tsaya.

"An taɓa cire miki mahaifa?"

"Ni? A'a."

"Wadda aka yi wa wannan hoton ba ta da mahaifa."

Yaya aka cire wa, a haihuwar autanta.

"Alhamdu lillahi!" Da ƙarfi na faɗa, har na ɗaga hannu sama, har wadda ke jira a ƙofa ta leƙo tana murmushi, tana taya ni murna.

Ya ce za a sake mini hoto, a ware takarduna a buɗe mini sabon fayil. An yi, hantata lafiya lau, an gasa ni, ga ni ina rubutu. Amma kafin in fita ya nuna mini wani ɗan rubutu a bayan takardar: an yi wa mai ciwo bayani, ta fahimta.

Ashe ta sani tun ranar. Na tuna dawowarmu a mota, na tambaye ta me suka ce, ta ce iska ce kawai, wai ta rage cin wake. Ɗinkina yana ja, ta kwantar da kaina a cinyarta, a kan wannan cikin, tana yi mini fifita da katin har muka shigo Daura.

Ranar da na gane abin da ya kashe Yaya ne a rubuce gabana, abin da ya fito daga bakina ke nan: Alhamdu lillahi.