Matar Da Ta Buɗe Wa Tsofaffi Gurbi A Fom

"A kore ni in an ga dama," in ji ta, "amma gurbin nan ba zan rufe shi ba."

Ina cikin ofis ɗin, wai shara nake yi. Shekara ashirin ina share asibitin nan, kuma kunnena ya fi tsintsiyata kwaso abu. Sabon manaja ne ke sa-in-sa da Mai-Kwamfuta, matar da ke gyara mana fom da teburin marasa lafiya, wato jerin sunayensu, a shafin asibiti na kwamfuta, saura mata sati biyu ta yi ritaya.

Kullum ƙarfe bakwai ta iso, ta ajiye filas, ta zare takalmi ƙarƙashin kujera, ta hau tambayar nas-nas ina fom ya ci musu tuwo a ƙwarya jiya.

Ku da ba ku sani ba, fom ɗin da kamfani ya kawo ba ya wucewa sai an sa ranar haihuwa. Mu wa ya rubuta mana? Sai akawu ya dinga zuba wa kowace tsohuwa ɗaya ga watan ɗaya. Mata uku masu suna iri ɗaya suka zama mutum guda, har aka miƙa wa ƙawata mai hawan jini maganin sukari. Ni na riƙe ta da jiri ya kwashe ta. Daga nan aka ce marar takardar haihuwa ta koma gida.

Mai-Kwamfuta, ke ce kika zauna kwana uku kika buɗe gurbin "kimanin shekaru", kika ƙara na laƙabi da na unguwa. Ke ce kika sa nas ta iya taɓa layi a teburi ta gyara kuskure nan take, na'ura kuma ta riƙe sunan wanda ya gyara. Uwar marasa takarda, Allah Ya biya ki. 'Yan bokon da za su gaje ta, don Allah ku riƙa leƙa benci ku ga masu jira kafin ku kulle gurbi a fom.

Shi kuwa manaja, wanda aka ce ko shayi sai da takarda yake sha, cewa yake an ɓata tsari, a mayar da fom yadda ya zo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta danna nan, ta danna can, teburi ya tace sunayen marasa takarda, ta juya masa fuskar kwamfutar.

"Ranka ya daɗe, ga su, ɗari huɗu da sha ɗaya. Zaɓi wadda za a fara mayarwa gida, ka sa hannu."

Na ce ya duba da kyau, ina layi na tara.

Ya kalle ta, ya kalle ni, ya bar biron a kan tebur, ya fice ya buga ƙofa.