Ruwan da ke Cikin Muƙamuƙin Yayata

Shekara guda yayata tana sayar da waake, wato dafaffiyar shinkafa da wake, a bakin titin unguwar Nima da kumburi a muƙamuƙi. Na yi faɗa har na gaji, amsarta ɗaya: "Ai ba ya ciwo."

Da ya kai girman lemon tsami, ta kira wani tsohon wanzami daga unguwar Maamobi. Ya tsaga dasashin, muna jiran mugunya, sai ga ruwa rawaya yana ƙyalli kamar garin gilashi. Tsohon ya goge askarsa a hankali, ya ce, "Hajiya, wannan ba aikina ba ne. Tafi asibiti."

Kumburin ya sace, ta ce ta warke. Kamar in shaƙe ta. Bayan wata uku kumburin ya dawo, sai muka tafi asibiti.

Likitan haƙori ya zuƙo ruwan da sirinji, ya daɗe yana dubansa. Ya ce jaka ce ta tsiro a saiwar mataccen haƙori, tana cin ƙashi. Ya danna wurin da yatsa, na ji ƙashin ya yi ƙaras kamar ɓawon ƙwai.

Har yau ba na iya fasa ƙwai.